Yadda Mai Shiru-Shiru Zai Zauna Lafiya da Mutane a Damagaram

A kowace unguwa ta Damagaram, daga Birni har Zango da Sabon Gari, ba a rasa mutum guda da ake yi wa shaidar cewa ba ya son mutane. Shi ne wanda idan aka idar da sallar isha'i yakan gaisa da liman da na kusa da shi, ya zura takalmansa ya nufi gida, alhali tsaransa suna shimfiɗa tabarma a fada ana hura gawayin shayi. Idan aka nemi ra'ayinsa a kan wata magana sai ya ce a bari ya yi tunani, idan kuma aiki ya cije masa ya gwammace ya kwana uku yana fama shi kaɗai da ya ce wa wani ya kama masa. Wasu suna ce masa miskili, wasu su ce girman kai ne, masu sassauci kuma su ce kunya ce ta yi masa yawa. Ni ma an laƙaba mini waɗannan sunaye duka tun ina ɗan lakkol, kuma sai da na haura shekara arba'in kafin na gane cewa yawancin saɓanin da na samu da mutane ya taso ne daga rashin sanin inda aka yarda mutum ya janye jikinsa da inda dole ne a ga ƙafarsa. Wannan bayani na mai irin wannan hali ne, namiji ko mace, da kuma wanda Allah ya haɗa su zama.

Fara sanin irin shirun da ke tare da kai

Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da lura da wannan mutum. A 1921 wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan ƙasar Suwizalan mai suna Karl Yung ya fitar da littafi inda ya bambanta masu hankalin da ya fi karkata waje, zuwa ga jama'a da abin da ke gudana a gabansu, da masu hankalin da ya fi karkata ciki, zuwa ga tunani da juya al'amari a zuci. Shi da kansa ya yi gargaɗin cewa babu mai lafiyar da yake ɓangare guda zalla, kowa yana da rabonsa na kowanne, sai dai wani ya rinjayi wani. A 1967 kuma Hans Aizenk, wanda ya yi aikinsa a Landan, ya kawo bayanin cewa ƙwaƙwalwar mai karkata ciki tun asali ta fi zama a farke, saboda haka hayaniya kaɗan ta ishe ta, abin da ya haura nan kuwa gajiya yake zame mata. Masana suna da ja a kan wasu sassan wannan bayani, amma duk mai irin halinmu da ya taɓa wuni a kasuwar Dole ranar Alhamis ya san yadda mutum yake komawa gida kansa ya yi nauyi kamar wanda ya yi dako, ko da kuwa tsinke bai ɗauka ba. Ni dai nakan kwatanta abin da rijiya a lokacin bazara: idan aka yi ta jefa guga tun da asuba, hantsi na yi sai laka, dole a ƙyale ta ruwa ya sake taruwa.

Matasa masu salula sukan zo mini da wasu haruffa huɗu, wannan ya ce shi INTJ ne, wancan ya ce INTP, wato masu kaɗaici da zurfin nazari. Haruffan sun fito ne daga gwajin MBTI, wanda wata Ba'amurkiya, Katarin Birigs, da ɗiyarta Isabel Mayas suka tsara a shekarun 1940 bisa tunanin Yung, suka kasa mutane gida 16. Babu laifi mutum ya yi gwajin don ya samu kalmomin da zai bayyana kansa da su, amma kada ya mai da shi hatimi. Masana da dama suna sukarsa saboda mutane masu yawa idan suka sake yinsa bayan ƴan makonni sukan faɗa wani gida dabam, kuma bincike ya nuna cewa akasarin jama'a a tsakiya suke tsakanin son taro da son kaɗaici. Wanda ya ƙi zuwa jana'izar maƙwabci ya kafa hujja da haruffa huɗu, babu mai sauraronsa a garin nan, kuma da gaskiyarsu.

Abin da ya fi gwajin amfani shi ne mutum ya zauna ya tantance abubuwa uku da ake cakuɗawa. Akwai kunya, wadda tarbiyya ce, ita ke sa yaro ya sunkuyar da kai gaban surukinsa ko da a fada shi ne sarkin surutu. Akwai tsoron mutane, inda mutum yake son shiga taro amma gabansa na faɗuwa, hannunsa na zufa, yana ganin kowa shi yake kallo. Sannan akwai son kaɗaici, inda mutum zai iya shiga taro ya yi magana lafiya lau, sai dai ya fi samun natsuwa idan ya keɓe. Na ukun hali ne, ba ya buƙatar magani. Na biyun idan ya kai ga hana mutum karatu ko neman abinci, ya kamata a ga likita. Haka nan idan shirun sabo ne, mutum da ma mai fara'a ne sai aka wayi gari ya daina magana, abin da yake jin daɗinsa ya fita ransa, barci da cin abinci suka rikice har aka yi mako biyu ko fiye, to wannan alamar ciwon damuwa ce, kuma kuskure ne babba a ce ai halinsa ne a zuba masa ido. Idan har ya fara ambaton gajiya da rayuwa, a kai shi asibiti a ranar, kada a jira gobe.

Raba haƙƙi da hira

Wannan shi ne ginshiƙin al'amarin, saboda haka zan daɗe a kansa. Mu'amalar da jama'a suke nema daga gare ka iri biyu ce, ko da yake a ido ɗaya suke. Akwai haƙƙi, wanda bashi ne a wuyanka, akwai kuma hira, wadda ganin dama ce. Mai son taro ba ya buƙatar ya rarrabe su domin duka biyun yana yi da daɗin rai. Mai shiru-shiru kuwa idan bai rarrabe ba, ɗayan biyu ne zai same shi: ko ya yi ta bin kowace gayya har ya ƙosa ya tsani mutane, ko ya yi watsi da duka ya rasa mutuncinsa.

Addini ya riga ya sauƙaƙa wannan rabo. Hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya lissafa haƙƙin Musulmi a kan ɗan'uwansa guda biyar: amsa sallama, duba mara lafiya, rakiyar gawa, amsa gayyata, da yi wa mai atishawa addu'a. Idan mutum ya duba da kyau zai ga babu ko ɗaya a ciki da yake buƙatar dogon surutu. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya ware babi guda a cikin Ihya'u Ulumiddin a kan ladubban keɓewa, inda ya jera amfaninta ya kuma jera abin da mai keɓewa yake asara, ya nuna cewa hukuncin ya danganta da halin mutum da halin waɗanda yake cuɗanya da su. Saboda haka mai son kaɗaici yana da gurbi a addini, ga i'itikafi ma a goman ƙarshe na Ramadan, amma kuma akwai hadisin da ya fifita mumini mai cuɗanya da mutane yana haƙuri da cutarwarsu a kan wanda ba ya cuɗanya.

Na koyi wannan darasi ne da tsada. Shekarun baya mahaifiyar wani maƙwabcina ta rasu, mutumin da katanga kawai ta raba mu. Na samu sallar gawa, amma da na hango yawan jama'ar da ke zaune a ƙofar gidansa sai na ce bari a rage in je daga baya. Na tura masa saƙon ta'aziyya ta salula, na tsara shi da kyau, na ɗauka na fita haƙƙi. Kwana uku suka wuce, aka yi sadakar bakwai, kullum ina cewa gobe, har abin ya zame mini kunya, tun da wanda ya zo ta'aziyya bayan wata guda sai ya fara da ba da haƙurin kansa kafin ya ba mai rashi haƙuri. Mutumin bai taɓa ce mini uffan ba, sai dai gaisuwarmu ta koma ta ɗaga hannu daga nesa, aka shekara biyu a haka. Wani dattijo ne ya kira ni gefe bayan sallar la'asar ya ce, "Malam, ba maganarka ake nema a wurin rasuwa ba, ƙafarka ake dubawa." Minti goma sha biyar da na yi ƙyashin bayarwa su suka jawo mini wannan duka.

Ga yadda nake yi tun daga lokacin. Idan aka yi rasuwa, ina zuwa a ranar farko, domin a ranar jama'a sun fi yawa kuma babu mai tsammanin hira daga kowa. Nakan yi sallama, in miƙa hannu ga masu rashi, in ce, "Ya haƙuri? Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta, ya ba ku dangana," in samu gefen tabarma in zauna, a shafa fatiha da ni sau biyu ko uku yayin da wasu suke zuwa, sannan in tashi in yi sallama. Suna a garinmu da sassafe ake yi, mutum ya je a raɗa, ya karɓi goro ko dabino, ya ce Allah ya raya, kafin rana ta ɗaga ya dawo. Ɗaurin aure ma haka, a shaida da kai, ka tabbatar uban ango ko waliyyin amarya ya gan ka ido da ido, ka yi masa Allah ya sa alheri, sauran shagalin kuma na masu sha'awa ne. Duba mara lafiya kuwa da ma gajartawa ake so.

A nan ne ya kamata mai shiru-shiru ya gode wa Allah da ya yi shi Bahaushe. Gaisuwarmu a shirye take, an riga an yanka ta an ɗinka, sai sakawa kawai: ina kwana, ina gajiya, ya iyali, ya zafi, ya ƙoƙari. Ba a neman ka ƙirƙiro komai, kuma amsar ma sananniya ce. Mai yawan nazari yakan raina wannan, ya ce mene ne amfanin tambayar da an san amsarta, kuma ni ma na daɗe ina wannan tunani. Amfaninta shi ne tana shaida wa mutum cewa ka gan shi kuma babu komai tsakaninku. Ka cika ta, ka tsaya cak lokacin da kake yin ta, ka saki fuska, ka ambaci sunan ɗansa da ka ji ba shi da lafiya. Wanda ya iya gaisuwa ana yafe masa rashin hira.

Tun da Allah ya ba ka kan tsari, ka yi amfani da shi a zumunci. Ka samu ɗan littafi ka rubuta mutanen da haƙƙinsu ya fi ƙarfi a kanka, iyaye da kawunnai da gwaggwanni da surukai da malamin da ya koya maka karatu, ka sa wa kowa lokacinsa, wannan duk Juma'a, wancan duk wata, na Mirya ko Matamaye ko Magarya kuma duk lokacin da hanya ta kama ko da salla. Wani zai ce zumuncin da aka rubuta a takarda ba na zuci ba ne. Gwaggon da ka je ka gaishe ta da ɗan sabulu da goro ba ta tambayar abin da ya tuna maka, ta dai ga ka zo. Ka zaɓi lokacin da gida ba cika, kamar hantsi ko tsakanin la'asar da magariba, domin kiran salla yakan ba ka hanyar tashi ba tare da an ce ka yi gaggawa ba.

Abin da ya rage bayan wannan hira ce, kuma kana da ikon ka ƙi. Sai dai kada ka yi ƙarya, domin garin ƙarami ne, wanda ka ce wa ka yi tafiya zai hango babur ɗinka a zaure. "Yau dai a yi mini uzuri, ina da abin da nake son in kammala" ta wadatar, kuma idan an saba ganinka a wuraren haƙƙi babu mai riƙe ka da wannan.

Zaman fada

Fada a ƙasarmu ta wuce wurin kashe lokaci. A nan ake jin labarin aiki, a nan ake haɗa gudummawa idan ɗaya ya tashi aure ko ya kwanta ciwo, kuma saurayin da ba shi da fada ko guda yakan zama kamar baƙo a unguwarsu. Saboda haka shawarata ita ce ka riƙe guda ɗaya, ƙarama, ta mutanen da ka yarda da tarbiyyarsu, ka sa mata rana ɗaya ko biyu a mako, ka kuma riƙa zuwa a ranakun ba fashi har a san ka da su.

Dabarar da ta fi yi mini amfani ita ce karɓar aikin dafa shayi. Mai shayi yana tsakiyar fada amma babu mai neman ya yi magana. Yana fifita gawayi, yana auna ganye da sukari, yana ɗaga buta sama yana tsiyayawa a ƙaramin kofi yana mayarwa har kumfa ta tashi, ya ɗanɗana, ya jera kofuna a faranti ya miƙa wa babba kafin yaro. Hannunsa na aiki, kunnensa na sauraro, kuma daga na farko mai ɗaci zuwa na uku mai zaƙi ya yi wa kowa hidima, ya ji duk abin da aka tattauna. Idan aka sha na uku ya wanke kofuna ya ce sai da safe, babu wanda zai ce ya gudu, domin zaman da kansa ya kai gaɓa. Wannan dabara tana aiki a wurare da yawa. A gidan biki mace mai shiru-shiru za ta fi samun sauƙi idan ta karɓi rabon abinci ko rubuta gudummawa fiye da zaman tsakar gida, a ƙungiya kuma riƙe littafin kuɗi ko rubuta abin da aka zartar ya fi dacewa da irinmu.

A wurin aiki

A biro ko a makaranta matsalar ita ce ana yanke shawara da baki, a take, kuma wanda ya fi ɗaga murya shi ake ɗauka ya fi sani. Kai kuwa amsarka mai kyau sai ka hau kabu-kabu za ka koma gida take zuwa maka. Maganin wannan shi ne shiri. Ka nemi sanin abin da za a tattauna tun jajibiri, ka rubuta magana biyu ko uku a takarda, ka kuma yi ƙoƙari ka faɗi ta farko tun taro bai yi zafi ba, domin idan aka fara cacar baki ba za ka samu ƙofa ba. Idan aka jefo maka tambayar da ba ka shirya mata ba, kada ka yi shiru kana kallon tebur, domin ana fassara wannan da rashin sani ko raini. Ka ce, "Ranka ya daɗe, maganar tana da nauyi, a ba ni zuwa gobe da safe in kawo amsa a rubuce." Sharaɗin kawai shi ne goben ta zama gobe. Idan ka cika sau uku, za a fara jiran takardarka kafin a yanke hukunci.

Ka kuma saba da sanar da na gaba da kai inda aikinka ya kai, ko da a layi biyu ne, tun bai tambaya ba. Irinmu mukan ɗauka aiki mai kyau zai bayyana kansa, alhali shugaba yana da mutum ashirin a ƙarƙashinsa, kuma wanda yake gani shi yake tunawa.

Laifuffukan da suke namu

Ba daidai ba ne in yi ta wanke mai wannan hali kamar duk laifin na jama'a ne. Kan da ya iya nazari yana da cututtukansa, kuma na farkonsu shi ne son gyara. Dattijo yana ba da labari a majalisa, ya ce abu kaza ya faru a shekarar da aka mai da babban birni Yamai, ya kawo shekarar da ba ita ba, kai kuma ka san 1926 ce, sai ka ji harshenka yana ƙaiƙayi. Kafin ka buɗe baki ka tambayi kanka ko kuskuren zai cutar da wani. Idan kuɗin marayu ake lissafawa ko magani ake aunawa, gyara wajibi ne ko gaban wa. Idan labari ne kawai, ka bar shi, ko ka same shi shi kaɗai ka kawo maganar da siffar tambaya: "Baba, ni kuwa na taɓa jin an ce 1926, ko ni ne ban riƙe daidai ba?" Mutumin da ba ya magana sai ranar da zai nuna kuskuren wani, ko gaskiya gare shi ba a ƙaunarsa, kuma da wuya a ga laifin masu ƙinsa.

Na biyu shi ne jinkiri da sunan bincike. Za a sayi fili, ko a fara sana'a, ko a nemi aure, sai mutum ya yi ta auna gaba da baya har wani ya riga shi. Ka sa wa kowace shawara wa'adi gwargwadon girmanta, ka tattara abin da za ka iya sani a cikin wa'adin, ka nemi ra'ayin mutum biyu da suka san harkar, ka yi istihara, ranar da ka sa ta zo ka yanke. Abin da ake iya warwarewa idan an yi kuskure, kamar sayen salula ko canza hanyar zuwa aiki, bai cancanci fiye da kwana ɗaya ba.

Na uku, wanda ya fi wuyar magani, shi ne ƙin neman taimako. Muna kiransa dogaro da kai, amma sau da yawa ƙyamar a ce wani ya yi mana alheri ce. A garin da ake rayuwa da adashi da aro da gudummawa, wanda ba ya karɓa yana sa mutane su ji nauyin roƙonsa, sai a daina zuwa wurinsa, ranar da babbar buƙata ta same shi kuma ya tarar babu hanyar da aka taɓa takawa tsakaninsa da kowa. Ka fara da ƙananan abubuwa: aron tsani, tambayar wane makaniki ne mai amana, neman maƙwabci ya sa ido a gida idan za ka yi tafiya. Mutane suna jin daɗin a nemi saninsu, kuma wannan ya fi dogon zance ƙulla zumunci.

Cikin gida

Wanda ya fi ɗanɗana kuɗar shirunka shi ne wanda kuke kwana ɗaki ɗaya. Matar da ta wuni da yara tana jiran maigida ya dawo su yi magana, ya shigo ya ci tuwo ya ɗauki littafi, ba za ta fassara wannan da gajiya ba, za ta ce ko ta yi laifi ne ko kuma hankalinsa ya koma wani wuri. Bayani sau ɗaya a lokacin da ake zaman daɗi yana kashe wannan zargi. Ka ce mata idan ka dawo kana buƙatar rabin awa ka natsu, bayan nan kuma lokacinta ne, sannan ka cika alkawari ka ajiye salula ka saurare ta da gaske. Idan ranka ya ɓaci kada ka shige ɗaka ka rufe baki kwana uku, domin wannan horo ne kake yi mata ko ba ka nufa ba. Gara ka ce akwai abin da ke damunka, za ka faɗa idan ka huce.

Mace mai wannan hali ta fi namiji shan wuya, musamman amaryar da aka kai babban gida inda ake girki tare, ga uwar miji, ga faccaloli, ga baƙi ba yankewa. Namiji yana iya fita, ita kuwa idan ta shiga ɗaki ta saki labule sai a ce ba ta son dangin miji. Abin da na ga yana fid da mata irin waɗannan shi ne su riƙe gaisuwar safe da ta dare ga uwar miji kamar farilla, su zama na farko wajen kama aiki, su kuma zaɓi mutum ɗaya a gidan su saki jiki da ita, domin ita ce za ta riƙa cewa, "Ku ƙyale ta, haka Allah ya yi ta, amma ba ta da mugunta." Miji kuma haƙƙinsa ne ya faɗa wa mahaifiyarsa wannan tun da wuri, kafin a gina mata suna.

Sai yaro. Jerom Kagan na jami'ar Habad ta Amurka ya fara wani bincike a 1989 a kan jarirai kusan 500 ƴan wata huɗu, inda aka riƙa nuna musu sababbin abubuwa da sautuka. Kimanin kashi 20 cikin ɗari suka riƙa kuka suna wutsil-wutsil da hannu da ƙafa, kimanin kashi 40 kuma ko a jikinsu. Da aka bi su suna girma, sai aka ga waɗancan masu saurin firgita sun fi zama yara masu taka-tsantsan da ɗari-ɗari da baƙo, ko da yake da yawansu sun sake gwargwadon yadda aka rene su. Wato akwai abin da yaro yake zuwa da shi, akwai kuma abin da gida yake ƙarawa ko ya rage. Saboda haka idan kana da ɗa mai raɓewa gefe yana kwance tsohuwar rediyo yayin da ƴan'uwansa suke ƙwallo a waje, kada ka kira shi dolo, kada kuma ka riƙa cewa gaban baƙi "wannan ba ya magana", domin yaro yakan sa rigar da aka ɗinka masa. Ka tilasta masa gaisuwa da amsa sallama kamar kowa, wannan babu sassauci. Ka riƙa aikensa wurin mai tebur da kuɗi a hannu ya yi ciniki ya karɓo canji, daga baya ka aike shi da saƙon baki gidan kawunsa. Idan za a je taro ka faɗa masa tun da wuri su wa zai tarar da lokacin da za a dawo. Ka je lakkol ka gana da mushensa, ka roƙe shi idan ya yi wa yaron tambaya ya ɗan dakata kafin ya wuce zuwa ga masu ɗaga hannu, ya kuma duba abin da yaron yake rubutawa kafin ya yanke masa hukunci. Idan ya dawo gida ya shige lungu da rediyonsa, a bar shi har a kira magariba.